Mai Guga da Kyamarar Auta

Tun kafin ya yi furfura sunansa na yanka ya ɓace masa. Mai Guga ake ce masa a layi, Mai Guga a masallaci, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa, ta ja ƙarshen kamar mai kiran wanda ya taka mata shanya. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsaye a gaban teburi ɗaya, a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai walda da mai aski. Ya fara da dutsen guga na gawayi, ya gama da na lantarki, kuma bai taɓa yarda cewa na biyun ya kama ƙafar na farkon ba. In ya ɗora wa wando kari, sai ka saka shi a hankali don kada ya yanke ka. Yanzu gwiwoyi sun ajiye aiki ba tare da sun nemi izininsa ba, ya bar shagon, amma har yau in ya ga mutum da yamutsattsiyar riga hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Sai dai ba karin ne ya sa mutane suka riƙe shi ba. Aljihu ne. Duk wanda ya taɓa wanki ya san mutane ba sa zazzage aljihunsu. Shi kuwa in zai zura hannu a aljihun wani, sai ya ɗaga kai ya kalli silin, ya kwaso abin da ke ciki ya zuba a ambulan, ya naɗe, ya maƙala a wuyan rigar da fil, sannan ya sauke kai. Yatsunsa sun taɓa mukullai, sun taɓa ƙwayoyin magani, sun taɓa hotuna da ba lallai na matar gida ba ne, amma idonsa na can sama. Mai aski ya sha tsokanarsa cewa ya san gizo-gizon silin ɗin nan ɗaya-ɗaya har da kakanninsu. Shi dai amsarsa ɗaya ce: “Kaya aka kawo mini, ba a kawo mini mutum ba.”

Matarsa kuwa Gwamnati yake ce mata, tun makon da ta tare ta kafa dokar inda za a ajiye takalmi. Mace ce mai baki, irin wadda in ta fara magana rediyo ma sai ya ji kunya ya yi shiru. Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ya ɗauke mata hannun dama da ƙafar dama, ya karkatar da bakin, ya kwashe maganar nan tata kaf, ya bar mata ’yan kalmomi kamar wanda ya yi sata ya ji tausayi. Mafi yawan abin da ya rage shi ne “a’a” da “ɗan banza”. Likita ya ce hakan na faruwa. Mai Guga ya ce ai ba komai, dama su ne ta fi amfani da su a kansa.

Ciyar da ita shi ne babban aiki. Haɗiya ta yi mata wuya, abinci ya fita daga ranta. Ƙanwarta ta zo ta gwada, ta lallasa, ta roƙa, ta yi fushi, ta koma gidanta. Mai Guga ne ya gano hanya, kuma hanyar ba ta faɗuwa a gaban mutane. Zai tura ƙofa, ya cire hula, ya cire riga ya rage daga shi sai singileti, ya hau gadon ya jingina da bango, ya jawo ta ya kwantar da bayanta a ƙirjinsa yadda wuyanta zai miƙe. Hannun hagu a ƙarƙashin haɓarta da ɗan tawul, na dama da cokali. Sannan ya soma zance kamar saurayin da ya zo ƙofar gidansu.

“’Yammata, sannu da hutawa. Wai an ce babanki ya rantse ba zai ba mai wanki ’yarsa ba?”

“A’a.”

“A’a bai rantse ba, ko a’a ba kya so na? Buɗe baki ki gaya mini gaskiya.”

Da ta buɗe don ta zage shi, sai cokali ya shige. Ita ɗaya, shi ɗaya, da cokalin nan guda. In ya cika surutu ta mintsine shi a cinya da hannun da ke aiki, kuma hannun nan ya gaji ƙarfin ɗan’uwansa. In kwano ya yi rabi ta fara kawar da kai, sai ya sauko ya taka mata rawar samartakarsa, da gwiwoyin nan masu kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ta yi dariya da rabin fuska, yawu ya zubo, ya share, a ci gaba.

Haka suke zaune har ranar da ya fita sayo magani. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin ruwa, ta zame daga gadon, ta kwanta a ƙasa har ya dawo. Ba abin da ya karye, sai goshi da ya kumbura. Amma labari ya kai ga Auta, ’yarsu ta ƙarshe, ma’aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, wadda ke kula da iyayen mutane duk rana tata uwar na nan. Ba a yi mako ba ta iso da mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, da wani ɗan kwali.

Abin da ke cikin kwalin fari ne, dunƙulalle kamar lemo, da baƙin ido ɗaya a tsakiya. Injiniya ya taka kujera ya ɗora shi a kan kwabar kaya, ya saita shi da gado, ya haɗa shi da intanet. Mai Guga ya matsa hagu, abin ya juya wuya ya bi shi da ɗan zuuu. Ya matsa dama, ya bi shi.

“Baba, ko ina nake zan ga Umma a wayata,” in ji Auta. “Har magana zan iya yi muku ta cikinta.”

“Ita fa, za ta gan ki?”

“A’a, ni ce dai zan gan ta.”

“To hotunan da take ɗauka, ina suke kwana?”

Injiniya ya sauko daga kujera yana murmushi. “A wurin kamfanin, Baba, can a intanet. A kulle suke da lambar sirri.”

“Mukullin a hannun wa?”

“Mu kaɗai, Baba.”

Yana da sauran tambayoyi, amma ya dubi idanun Auta da suka kumbura don kuka, ya haɗiye su. Gwamnati ta ce “a’a” daga kan gado. Ba wanda ya juya, don ko ruwa aka ba ta haka take cewa kafin ta sha.

Kwanakin farko ya yi wa kansa lissafi. Auta da rana tana wurin aiki, marasa lafiya sun isa su cika mata ido, Injiniya kuma yana can yana injiniyancinsa. Don haka ya ci gaba da abinsa, illa dai ya daina cire riga. Wata rana da azahar, kwano ya yi rabi, ya sauko ya fara rawa. Ya kai daidai inda ake ɗaga kafaɗa a juya ƙugu, sai dariya ta fashe a kan kwaba. Dariyar yara ce, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

“Ku zo ku ga tsohon yana rawa! Kalli bakin tsohuwar!”

Sai muryar wata mace daga nesa: “Kai, wa ya ba ku wayata? Ku kawo nan!” Daga nan shiru.

Ba muryar Auta ba ce. Ba muryoyin jikokinsa ba ne, waɗannan ya san su ko a cikin barci. Ya tsaya da kafaɗa ɗaya a sama. Da ya juya, ya ga Gwamnati ta laluba da hannun hagu ta jawo mayafi ta rufe bakinta, ta juya fuska bango. Matar da ko maƙwabta ba ta yarda su shigo ba sai an goge mata fuska an ɗaura mata ɗankwali.

Daga ranar Mai Guga ya zama baƙo a ɗakinsa. Kafin ya shiga sai ya goge doguwar riga, ya kafa hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya jawo kujera gefen gado, ya zauna a miƙe, ya ɗebo shinkafa mai laushi a cokali ya ce, “Bismillah, a daure a ci abinci.” Ita kuwa mayafi a baki, ido a bango. In ya matsa, ta karɓi cokali biyu ko uku, ta ƙware, ta ture hannunsa. Ko zaginsa ta daina yi, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Ba wai bai yi dabara ba. Ya taɓa yafa wa abin tawul. Bai kai ga hawa gado ba waya ta ɗauki ruri.

“Baba! Duhu nake gani! Me ya faru? Umma ce?”

Yana jin ƙarar takalman Auta tana gudu a barandar asibiti. Ya ce tawul ne ya faɗo daga sama. Bai tsaya bayanin yadda tawul ke faɗowa sama da kwaba ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya gwada ya kai Gwamnati falo, amma gwiwoyinsa suka ce in ya ɗaga ta, shi da ita za a kwasa a ƙasa. Abu ɗaya ya rage, ya gaya wa Auta. To ta ina zai fara? Ya ce mata me? Cewa uwarta ba ta cin abinci sai a ƙirjinsa, yana mata zancen samari? Akwai maganar da uba zai mutu da ita a ciki bai faɗa wa ’yarsa ba. Ga shi kuma yarinyar nan tsoro ne ya sa ta sayo abin, ba rashin kunya ba.

Ita kuwa Auta abin da take gani a waya daban ne. Tana ganin uwa ta juya wa duniya baya, uba zaune nesa da ita kamar ma’aikacin da ba a biya ba, kwano na shiga cike yana fita cike. Wani lokaci muryarta ta fito daga kan kwaba: “Baba, ka ɗan lallashe ta mana.” Ya gyara hula ya ce, “Ana lallashi.” Wuyan Gwamnati ya fara zurmawa, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Wata safiya Auta ta iso da motar haya, ta ce wa direba ya jira. Ta gaida uban a tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Baba, zan tafi da Umma. Ka gaji, kuma ba laifinka ba ne. Na ga komai.”

“Kin ga komai,” in ji shi.

“Can akwai mai kula da ita, ni ma ina kusa. In aka bar ta haka, ƙarin ruwa za a koma yi mata.”

Bai yi musu ba. Ya ce to ai ba za ta shiga mota da yamutsattsun kaya ba, mutane su ce mijinta wane ne. Ya kwaso zannuwanta ya kai kan teburin da ke baranda, ya jona dutsen guga. Auta ta tsaya da jaka a buɗe tana jira. Ya goge zane ɗaya, ya juya, ya goge bayansa, ya ninke, ya warware ya ce ninkin bai hau ba. Direba ya danna hon.

“Baba, zane ne fa, ba rigar ango ba.”

“Kowane zane da haƙƙinsa.”

Ya ɗauko na biyu, ya yayyafa masa ruwa da yatsu. Tururi ya tashi. Sai ya fara magana, idonsa a kan dutsen, kamar da zanen yake.

“Ummanku ba ta iya haɗiya a kwance, kin fi ni sani. Kujera kuma ba ta riƙe ta. Sai an zauna a bayanta.”

“To ai sai ka sa mata filo.”

“Filo ba ya magana.”

Auta ta ajiye jakar.

“Sai an… ana ɗan yi mata hira. Irin ta da. Kafin a haife ku.” Ya danna dutsen a wuri ɗaya har ya kusa ƙona zanen, shi da bai taɓa ƙona ko hankici ba. “In abin ya ƙi, akan ɗan taka.”

“A taka me?”

“Ke dai an ce miki akan taka! Sai na zana miki?”

Dariya ta taso mata, ta danne da hannu, hawaye suka riga ta fitowa. “To Baba me ya hana? Don ni? Wallahi da ka faɗa mini da na kashe wayar.”

“Da ke ce kaɗai, da na ce ’yata ce, ta ga abin da ta gani, ta je ta yi istigfari.” Ya ajiye dutsen a tsaye. Ya gaya mata ranar, da dariyar yaran, da abin da suka ce game da bakin uwarta, da muryar matar da bai sani ba.

Auta ta ciro waya ta kira mijinta, ta buɗe muryar yadda uban zai ji.

“Wa ka ba lambar kyamarar Umma?”

“Ba kowa. Au, Yayata ce kawai, ta ce tana so ta riƙa duba jikin Umma, kin san ba ta samu zuwa ba.”

“Ita kuma ta ba wa?”

“Ban sani ba fa. Ta dai ce matan gidansu suna ta yi mata addu’a, sun ce ta rame…”

“Sun ce ta rame. A ina suka gan ta?”

Mai Guga ya leƙa kan wayar ya ce, “Injiniya, a gaida Yaya da matan gidansu. A ce musu mai rawa ya gode.” Auta ta kashe.

Ta shiga ɗakin, uban na biye. Abin ya juya wuya, zuuu, ya kalle ta, ta ji yadda kallon yake daga wannan ɓangaren. Ta durƙusa a gaban gado ta kama hannun uwar.

“Umma, ki yafe mini. Ban tambaye ki ba. A bar kyamarar a nan?”

“A’a.”

“Wannan ba shaida ba ce,” in ji Mai Guga daga bakin ƙofa. “Ko aljanna kika ce mata haka za ta ce.”

“To Umma, a cire ta?”

Gwamnati ba ta ce a’a ba. Ta damƙe yatsun ’yarta har sai da Auta ta ce wash.

Auta ta miƙe ta zare filogin. Wuyan abin ya saki, ɗan hasken da ke goshinsa ya mutu. Ta tsaya da wayar wutar a hannu, sai tsoron nan nata ya dawo mata sabo.

“To in ka fita fa, Baba? In ta sake faɗuwa? Ni ba zan iya ba. Ina tsaye a kan mara lafiya zuciyata na nan ɗakin.”

Ya san gaskiya ta faɗa. Goshin nan da ya kumbura shi ya fara ganinsa. Suka tsaya ciniki a tsakar ɗaki kamar masu sayen akuya. In zai fita, shi da hannunsa zai jona, ya gaya wa Gwamnati ya jona, ya gyara mata ɗankwali. In ya dawo ya zare. Za a canza lambar yau ɗin nan, kuma ba za ta wuce wayar Auta ba, ko Injiniya sai dai ya ji labari. Hotunan da suka kwana a kamfani za ta goge duk wanda hannunta zai kai gare shi. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane kuwa, babu yadda za a yi da shi.

“Amma Baba, da sharaɗi,” in ji ta, muryar asibiti ta dawo. “In ba ta ci ba, yau zan tafi da ita. Da gaske nake.”

“Kawo kwanon. Ki ja mana ƙofar.”

Ta kawo shinkafa da ayaba da ta murƙushe, ta ja ƙofar, ta tsaya a baranda. Ta ji ƙarar gado, ta ji muryar uban ta sauka ƙasa-ƙasa, wata irin murya da ba ta taɓa sanin yana da ita ba. Sai ta lura kunnenta ya fara miƙewa. Ta sa takalmi ta fita ƙofar gida, ta tsaya wurin direba, suka yi hirar tsadar taya da lalacewar hanya, abin da bai dame ta ba ko kaɗan. Direban ya tambaya ko mara lafiyar ta shirya. Ta ce ana dubawa.

An daɗe. Har ta fara tunanin yadda za su ɗauko ta zuwa mota, sai ga Mai Guga ya fito, ba hula, rigar nan da ya goge ta yamutse kamar an kwana a kanta, yana ɗingishi yana murza cinya. Ya miƙa mata kwanon. Ba a cinye duka ba, akwai saura a gefe, amma ana ganin gindin kwano.

“Nawa ne naka a ciki?” in ji Auta.

“Ke da kike ma’aikaciyar jinya, je ki auna ta.”

Ta leƙa ta taga. Uwar na jingine da filo, ido a lumshe, mayafin na kan cinyarta, ƙwayar shinkafa ɗaya a haɓa. Auta ta daɗe ba ta ga fuskar nan a buɗe ba. Ta janye kanta da sauri, ta je ta sallami direba, ta ce gobe ya zo ya ɗauke ta ita kaɗai.

Da ta dawo ta tarar da uban a kujerar baranda yana shafa wa gwiwa man zafi.

“Ayabar ta ƙare,” in ji shi. “Je ki sayo, ki zaɓo masu laushi, da yamma akwai wani zaman. Kuma in kin dawo ki yi sallama, ki jira a amsa.”